Riƙe Kamfanin Mota Ɗaya: Kurakuran da Masu Saye Suka Fi Yi da Yadda Ake Gyara Su

Akwai mutanen da idan aka tambaye su motar da za su saya nan gaba, amsar tana bakinsu tun kafin a gama tambayar, wato ƙirar kamfanin da suka saba da shi. Wani mahaifinsa ne ya hau irin motar har ya tsufa, wani kuwa motarsa ta farko ce ta yi masa shekara goma ba ta taɓa ajiye shi a hanya ba, daga nan sai ya ƙulla amana da tambarin. Ba na ganin laifin wannan amana, domin tana da tushe. Wanda ya daɗe da ƙirar kamfani ɗaya ya san ƙarar injinta, ya san inda ta fi yawan kawo matsala, ya san bakaniken da ya iya ta da inda ake samun kayan gyaranta, kuma irin wannan sani ba a tara shi a rana ɗaya. Matsalar tana farawa ne idan amanar ta maye gurbin bincike, har mutum ya miƙa kuɗin da ya yi shekaru yana tarawa saboda ɗan ƙarfen da aka manna a gaban bonet. Mota guda ɗaya ake saye, mai shekarar ƙira da inji da giya da tarihi nata na kanta, tambari kuwa iyakar aikinsa ya nuna wa mai saye inda zai fara dubawa.

Su kamfanonin sun daɗe da sanin darajar sabo. Tun a shekarun 1920, Alfred Sloan, shugaban kamfanin General Motors na Amurka, ya jera Chevrolet da Pontiac da Oldsmobile da Buick da Cadillac kamar matakalar bene, domin matashi ya fara da mai araha, arzikinsa na ƙaruwa yana hawa mataki-mataki ba tare da ya fita daga gidan ba. Har yau a kan wannan dabara kasuwar mota take tafiya, saboda riƙe tsohon mai saye ya fi wa kamfani sauƙi fiye da neman sabo. Tun da su sun yi lissafinsu, ya kamata mai saye ma ya yi nasa.

Ɗaukar duk motocin kamfani kamar mota ɗaya

Wannan shi ne babban kuskuren, kuma daga gare shi sauran suke tsirowa. Mutum ya ji daɗin samfuri ɗaya na wata shekara, sai ya yanke hukuncin cewa duk abin da ya fito daga wannan kamfani haka yake. Alhali babban kamfani yana ƙera samfura masu yawa a masana'antu daban-daban, kowane samfuri kuma ana sake fasalinsa bayan 'yan shekaru, a canza inji, a canza giya, a canza masu kawo kayan haɗi, suna kawai ya rage. Sau da yawa albasa ba ta yin halin ruwa.

Misalan suna nan har a cikin kamfanonin da aka fi yaba wa ƙarko. Toyota ta yi suna wajen injuna masu jure wahala, amma injinta mai lita 2.4 da ake kira 2AZ-FE, wanda aka sa a Camry ta tsakanin 2007 da 2009, ya shahara da shan baƙin mai saboda matsalar ringin fistin, har daga baya kamfanin ya tsawaita garanti a kansa a Amurka. Honda ma ta sha ƙorafi a farkon shekarun 2000 a kan giyar otomatik ta wasu motocin Accord da Odyssey, musamman masu inji mai silinda shida. Wanda ya fi fito da darasin fili shi ne na Ford: giyar PowerShift mai kuloci biyu da aka sa a Fiesta daga 2011 da Focus daga 2012 ta riƙa fizga da karkarwa, ta jawo ƙararraki a kotuna, har kotun tarayya ta Ostareliya ta ci kamfanin tarar dalar Ostareliya miliyan 10 a 2018 saboda yadda ya yi da ƙorafin masu motocin. Amma wanda ya sayi wannan Focus ɗin dai, ta wannan shekarar dai, mai giyar hannu, bai gamu da wannan ciwon ba. Mutum biyu, tambari ɗaya, samfuri ɗaya, ɗaya yana yabo ɗaya yana kuka, kuma dukkansu gaskiya suke faɗa.

Ni kaina na taɓa faɗawa wannan rami. Na hau motoci biyu na wani kamfani a jere, kowace ta yi mini hidima yadda ya kamata, saboda haka da zan sayi ta uku ban tambayi kowa komai ba, na dai duba launi da kujeru na biya. Ba ta cika shekara ba giyarta ta fara jinkiri, in taka totur ta yi shiru na ɗan lokaci sannan ta zabura. Da na kai ta gareji, bakaniken bai ma buɗe bonet ba ya tambaye ni shekarar ƙirarta, da na faɗa masa sai ya ce ai duk 'yan wannan shekarar haka suke yi, kowa a cikin sana'ar ya sani. Ilimin yana nan a fili tun kafin in saya, ni ne ban nema ba.

Gyaran wannan kuskure shi ne a sauya tambayar. Maimakon a ce kamfani kaza yana da kyau ko ba shi da shi, sai a tambayi halin samfuri kaza, na shekara kaza, mai inji kaza da giya kaza. A rubuta waɗannan abubuwa huɗu a takarda, a kai wa bakanike biyu ko uku waɗanda ba su da riba a cinikin, a tambaye su abin da ya fi kawo irin wannan mota wurinsu da kuma nisan tafiyar da takan yi kafin matsalar ta bayyana. Yana da kyau kuma a yi hattara da shekarar farko ta sabon fasali, domin a lokacin ne kurakuran ƙira suke fitowa, shekarun ƙarshe na fasalin kuwa galibi an riga an toshe ɓarakar.

Zaton cewa mai tambarin shi ya ƙera motar

Mutane da yawa za su yi mamaki idan suka san yadda kamfanonin da suke gani kamar abokan gaba suke cin kasuwa tare a bayan fage. Pontiac Vibe, wadda aka ƙera daga 2002 zuwa 2009 a masana'antar NUMMI da ke Fremont a jihar Kalifoniya, tagwaye ce da Toyota Matrix, inji da giya duk na Toyota ne, amma wanda ya rantse ba zai hau motar Amurka ba zai wuce ta bai san abin da yake so ne ya bari ba. Toyota Supra da ta dawo a 2019 kuwa injin BMW ne a cikinta, kuma kamfanin Magna Steyr ne aka ba aikin haɗa ta a birnin Graz na ƙasar Ostiriya tare da BMW Z4. Daga 2005 zuwa 2014, Toyota Aygo da Peugeot 107 da Citroën C1 sun riƙa fitowa ne daga masana'anta ɗaya a garin Kolín na Jamhuriyar Cek. Mercedes-Benz ma da ta so shiga kasuwar a-kori-kura a 2017, a kan ƙashin Nissan Navara ta gina X-Class, aka riƙa haɗa ta a masana'antar Nissan da ke Basalona, har aka daina ƙera ta a 2020.

Mallakar kamfanonin ma tana sauya hannu ba tare da tambarin ya motsa ba. Volvo da ake dangantawa da Suwidin ta koma hannun Geely na ƙasar Sin a 2010, bayan ta yi shekaru a hannun Ford. Jaguar da Land Rover na Ingila suna ƙarƙashin Tata Motors na Indiya tun 2008. A 2021 aka kafa Stellantis, wadda ta tattara Peugeot da Citroën da Opel da Fiat da Jeep da Chrysler da wasu, tambari 14 ke nan a inuwa ɗaya, da yawa daga cikinsu suna amfani da inji da ƙashi iri ɗaya. Sauyin mallaka ba lalle ne ya lalata mota ba, wani lokacin ma shi yake ceto ta, amma yana nufin kamfanin da mahaifinka ya amince da shi ba lalle ne shi ne wanda yake gabanka yau ba.

Akwai kuma kayan haɗi, waɗanda wasu kamfanoni na daban suke ƙerawa su sayar wa kowa. Labarin Takata ya isa misali. Sinadarin da wannan kamfani na Japan ya sa a cikin na'urar hura jakar iska yakan lalace idan ya daɗe cikin zafi da danshi, ta yadda idan aka yi karo sai na'urar ta tarwatse ta watsa ɓarɓashin ƙarfe a fuskar direba. A Amurka kaɗai an yi kiranyen kimanin jakar iska miliyan 67, wato an kira masu motocin su kawo a canza musu, abin ya shafi Honda da Toyota da Nissan da Ford da BMW da wasu da dama, Takata kuma ta durƙushe a 2017. Babu tambarin da ya kare mai shi daga wannan, domin cutar ba daga tambarin take ba.

Hanyar gane gaskiya tana jikin motar. A tsaya a gefen direba a leƙa ƙasan gilashin gaba, za a ga ɗan ƙaramin allo mai ɗauke da lambar shasi, haruffa da lambobi 17, kuma ana samun ta a takardar da ke manne a ginshiƙin ƙofar direba tare da wata da shekarar ƙira. Harafin farko yana nuna ƙasar da aka haɗa motar: J na Japan, W na Jamus, K na Koriya ta Kudu, L na Sin, 1 da 4 da 5 na Amurka, 2 na Kanada, 3 na Meziko. Da wannan lamba ake gano ainihin injin da ke ciki, da ita kuma ake bincika ko akwai kiranyen da ba a kai motar an gyara ba. Idan aka gano cewa mota biyu masu tambari daban tagwaye ne, sai a kwatanta farashinsu da garantinsu da samuwar kayan jikinsu, a ɗauki wadda ta fi sauƙi.

Suna ɗaya, kasuwa daban

Wannan kuskuren ya fi sauran haɗari domin ya taɓa rai. Mai saye yakan ga an yaba wa wani kamfani a gwajin karo na Turai ko Amurka, sai ya ɗauka duk motar da ke ɗauke da sunan tana da wannan kariya a ko'ina aka sayar da ita. Ba haka abin yake ba, saboda kamfanoni suna ƙera mota ne daidai da dokar kasuwar da za su kai ta, inda doka ta yi sako-sako kuma sukan rage kayan kariya domin farashi ya sauka. A 2016 aka haɗa karo da gangan tsakanin Nissan Tsuru da ake sayarwa a Meziko da Nissan Versa da ake sayarwa a Amurka, kowace ita ce mafi araha a irinta a kasuwarta. Versa ta kare mutum-mutumin da ke ciki, Tsuru kuwa, wadda ba ta da jakar iska, ta lotse har sitiyari ya afka wa mazaunin direba, kuma a 2017 aka daina ƙera ta. A 2018 ma ƙungiyar Global NCAP mai gwajin karon motoci ta gwada Nissan NP300 Hardbody da ake sayarwa a Afirka ta Kudu, ba ta samu ko tauraro ɗaya ba wajen kare manya.

Don haka idan aka ce maka mota ta samu taurari biyar, ka tambayi wace hukuma ce ta yi gwajin, a wace shekara, kuma a kan ta wace kasuwa. Ma'aunin gwajin yana ƙara tsauri, taurari biyar na shekaru goma sha biyar da suka wuce ba daidai suke da na yau ba. Sannan ka ƙirga jakunkunan iska da idonka a jikin motar da za ka saya, ka tabbatar tana da birkin da ba ya kulle taya da na'urar hana santsi.

Rayuwa da tsohon labari

Suna yana daɗewa fiye da gaskiyar da ta haife shi, mai kyau ko marar kyau. Hyundai ta shiga kasuwar Amurka a 1986 da Excel, mota mai araha da ta yi ƙaurin suna wajen lalacewa, amma a ƙarshen shekarun 1990 kamfanin ya fito da garantin shekara 10 ko mil 100,000 a kan inji da giya, ya kuma gyara ingancinsa ƙwarai a shekarun da suka biyo baya. Škoda ta ƙasar Cek, wadda aka daɗe ana rainawa a Yammacin Turai, ta sauya gaba ɗaya bayan ta shiga hannun Volkswagen a 1991. Wanda ya riƙe hukuncin da aka yanke musu shekara talatin da suka wuce ya rufe wa kansa ƙofa a banza. Sai dai kada a juya kuskuren ta ɗaya gefen, domin ita Hyundai ɗin ce a 2015 ta yi kiranyen ɗaruruwan dubban Sonata na 2011 da 2012 saboda matsalar inji. Duk lokacin da za a yi sabon saye, a nemi labarin shekaru biyar zuwa bakwai na baya-bayan nan, a ajiye na zamanin kakanni a matsayin tarihi.

Ɗan'uwan wannan kuskure shi ne yin fushi da kamfani gaba ɗaya saboda mota ɗaya ta ba da kunya. Kafin a yi rantsuwar ba za a sake ba, a binciki ko laifin na ƙira ne, ko na wanda ya riƙe motar a baya, ko na jinkirin juyen baƙin mai, ko na jabun kayan gyara.

Shiga wurin dila da hukunci a hannu

A nan ne sabo yake cin kuɗi kai tsaye. Mai saye ya shigo yana murmushi, ya ce wannan ita ce ta huɗu da zai saya daga wannan kamfani kuma shi ba ya hawan wata, yana zaton wannan magana za ta sa a yi masa ragi. A gaskiya ya gaya wa mai sayarwa ne cewa babu inda za shi, wanda kuma babu inda za shi ba shi da abin ciniki. Ko da ka riga ka ƙudurta a ranka cewa ƙirar da ka saba za ka ɗauka, ka je ka ɗana aƙalla mota biyu na wasu kamfanoni masu girma da farashi makamanci, a kan hanya ɗaya, ka zauna a kujerar baya, ka buɗe but ka gwada kayan da ka saba ɗauka, ka karɓi farashi a rubuce. Idan bayan haka ka koma ga ta gidanku, ka koma da hujja, kuma ka koma da takardar da za ka ajiye a kan teburin dila.

Kamfanoni da yawa suna da ragi na musamman ga tsofaffin masu saye, amma suna kuma da wani ragin na jawo masu motocin abokan hamayya, saboda haka kada a ɗauka ladan zama ya fi na tafiya sai an kwatanta. Wurin da aka fi yin asara shi ne musaya, wato a ba da tsohuwar mota a yi ciko. Dila yakan haɗa kuɗin tsohuwar da farashin sabuwar da sharuɗɗan bashi ya dunƙule su a adadi ɗaya na abin da za a riƙa biya duk wata, ta yadda abin da ya ƙara a nan sai ya zabge a can. A raba su gida uku: a fara daidaita farashin sabuwar motar, sannan a yi cinikin tsohuwar bayan an ji abin da wasu za su saye ta a waje, sannan a duba bashin, a lissafa jimillar abin da za a biya har ƙarshe tare da kuɗin ruwa.

Ya kamata kuma mutum ya tambayi kansa wa yake yi wa biyayyar. Sau da yawa abin da yake so shi ne garejin da ke karɓarsa da mutunci ko bakaniken da ba ya cutarsa, sai ya jingina wannan jin daɗi ga kamfanin. Idan haka ne, ya tambayi bakaniken waɗanne motoci ne kuma ya iya, zai iya tarar da zaɓinsa ya fi yadda yake zato faɗi. Tsoron rasa garanti ma yana ɗaure mutane fiye da kima. A Amurka dokar Magnuson-Moss ta 1975 ta hana kamfani soke garanti don kawai an yi sabis a wani gareji, Tarayyar Turai ma tana da ƙa'ida makamanciya, matuƙar an bi jadawalin sabis an kuma ajiye rasit. Dokoki sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, don haka a karanta takardar garantin tun kafin a sa hannu.

Barin suna ya tsaya a madadin dubawa

A kasuwar motocin hannu, tambari mai farin jini yana ɗaga farashi, kuma yana kwantar da hankalin mai saye fiye da yadda ya dace. Motar da ta yi shekara goma tana yawo ta fi ɗaukar halin wanda ya riƙe ta fiye da halin wanda ya ƙera ta, kuma motocin da aka yi wa shaidar ba sa lalacewa su ne aka fi wulaƙantawa, domin masu su sun yarda za su jure komai. Ka nemi a nuna maka motar da safe kafin a tayar da ita, ka ɗora hannu a kan bonet ka ji ko da ɗumi, saboda injin da aka riga aka ɗumama yana ɓoye ƙara da hayaƙi. Ka zaro sandar gejin baƙin mai ka goge a farin ƙyalle, ka buɗe murfin da ake zuba man ka duba cikinsa, idan ka ga wani abu fari-fari mai kauri to akwai yiwuwar ruwa yana haɗuwa da mai. Ka sa wani ya tayar da injin kai kuma kana tsaye a bayan salansa, shuɗin hayaƙi alamar ƙona baƙin mai ne. Ka murɗa makulli ba tare da tayarwa ba ka ga ko fitilun gargaɗi na inji da na jakar iska sun kama sannan sun mutu bayan an tayar, domin akwai masu cire ƙwan fitilar gaba ɗaya. A ƙarƙashin sitiyari akwai soket mai ƙofa 16 da ake jona na'urar bincike, wadda take karanta matsalolin da kwamfutar motar ta adana. Idan mai mota ya ƙi yarda bakanikenka ya duba ta yana cewa ai kowa ya san wannan ƙira, wannan ƙin kaɗai ya isa dalilin barin cinikin.

Kare kamfani kamar ɗan'uwa

Abin da ya fi damuna shi ne idan amana ta kai mutum ga musun abin da idonsa yake gani. Mota tana nuna alama, mai ita yana cewa irin wannan ba ta yin haka, har ƙaramin gyara ya zama babba. Wasu ma saƙon kiranye yakan same su su yi biris, suna ganin sharrin 'yan hamayya ne, alhali gyaran kyauta ne kuma an yi shi ne don kare rayukansu. Manyan kamfanoni suna kuskure, wani lokacin kuma suna ɓoye shi. A 2009 da 2010 Toyota ta yi kiranyen miliyoyin motoci saboda totur da ke maƙalewa, shugabanta Akio Toyoda ya bayyana a gaban majalisar dokokin Amurka, a 2014 kuma kamfanin ya amince ya biya dala biliyan 1.2 saboda ya ɓoye wa jama'a da hukuma bayanai. A shekarar 2014 ɗin dai General Motors ta yi kiranyen motoci miliyan 2.6 saboda makunnin da ke kashe inji ana cikin tafiya, asusun diyyar da ta kafa kuma ya amince da mutuwar mutum 124. A watan Satumba na 2015 aka gano Volkswagen ta sa manhajar da ke yaudarar gwajin hayaƙi a motocin dizal kimanin miliyan 11, har da na Audi da Škoda da SEAT. Ban kawo waɗannan don in ce a guje wa kamfanonin ba, domin dukkansu suna da motoci nagari kafin abin da bayansa. Na kawo su ne don mai mota ya riƙa duba lambar shasinsa a shafin kiranye na kamfani ko na hukumar kula da lafiyar hanya aƙalla sau ɗaya a shekara, ya kuma rubuta duk ƙorafin da ya kai gareji da kwanan wata, ya karɓi kwafi.

Kada kuma a ɗauka kamfani zai rama biyayya da biyayya. Da wuya a sami masu mota da suka so tambarinsu kamar masu motar Saturn ta General Motors, waɗanda dubun-dubatarsu suka yi tattaki zuwa masana'antar da ke Spring Hill a jihar Tenesi a 1994 don bikin haɗuwa, amma duk da haka General Motors ta rufe Saturn a 2010 tare da Pontiac, bayan ta riga ta rufe Oldsmobile a 2004. Kamfanin motar Saab na Suwidin ma ya durƙushe a ƙarshen 2011. Kamfani yakan kuma janye daga wata kasuwa alhali yana raye a wata, kamar yadda General Motors ta daina sayar da motoci a Indiya a 2017. Wanda zai riƙe mota shekara takwas ko goma ya duba ƙarfin wakilan kamfanin a ƙasarsa, ya kuma bincika ko kayan gyaran motar suna shiga na wasu samfura masu yawa a kan hanya.

Sauyin da ake ciki zuwa motocin lantarki ya ƙara wa duk waɗannan nauyi, domin gwanintar ƙera injin fetur ba ta tabbatar da gwanintar sarrafa batir. Nissan Leaf ta farko, wadda ta fito a 2010, ba ta da tsarin sanyaya batir da ruwa, kuma masu ita a wurare masu tsananin zafi kamar jihar Arizona sun ga batirin yana rage ƙarfi da wuri. Chevrolet Bolt da Hyundai Kona mai lantarki kuwa an yi kiranyensu a 2020 da 2021 saboda haɗarin gobara daga batiran da kamfanin LG ya kawo musu, kamfanoni biyu daban, mai kawo kaya ɗaya. Wanda zai sayi irin wannan mota, ko daga kamfanin da ya yi shekara ashirin yana hawa ne, ya tambayi wanda ya ƙera batirin, da yadda ake sanyaya shi, da tsawon garantinsa da kashi nawa cikin ɗari na ƙarfinsa garantin ya lamunce, sannan ya tabbatar akwai gareji kusa da shi mai kayan aiki da ma'aikatan da aka horar su taɓa shi.